Katin aiki a aji ɗaya zuwa uku: yadda ake haɗa shi da yadda ake aiki da shi a makarantun Legas

A takarda, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce yara 35 ne rabon malami ɗaya a firamare. A cikin aji kuwa, malamar da ke koyarwa a Agege ko Idi-Araba ko bayan kasuwar Mile 12 takan tarar da fiye da haka, kuma ba kansu ɗaya ba. Wannan ya yi nazare shekara uku. Wancan bara aka zo da shi daga gida Arewa, bai taɓa riƙe fensir ba. Ga wata da ta iya haɗa baƙin Larabci a Islamiyya amma boko bai zauna mata ba tukuna. In aka rubuta musu aiki ɗaya a allo, masu sauri sun gama cikin minti uku sun shiga tsokana, na baya kuma suna ta kwafe tambaya har a kaɗa ƙararrawa.

Katin aiki ɗan kwali ne da bai fi tafin hannun babba ba, ɗauke da aiki ɗaya tak: tambaya guda ta lissafi, ko hoto guda da za a nemo harafinsa na farko. Ana haɗa su goma sha biyu ko makamancin haka a kan fasaha ɗaya, su zama kunshi guda, a ba rukunin yara. Ba ya koyar da sabon abu, maimaitawa ce aikinsa. Babban amfaninsa shi ne ya riƙe yawancin aji da aikin da ya dace da ƙarfinsu na kusan minti 15, malama ta samu ta zauna da shida ɗin da suka fi buƙatarta. Saboda haka ma'auninsa ɗaya ne: in sai yaro ya taso ya ce "Malama, me zan yi a nan?", katin bai yi ba, komai kyansa.

Kafin a taɓa almakashi

A fara sanin inda kowane yaro yake. A kira su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne, ko da zai ci kwana uku. A nuna masa haruffa biyar, kalmomi biyar gajeru, sai jimla ɗaya. A lissafi a nuna lambobi daga 1 zuwa 9, sannan masu gida biyu, sannan tarawa ɗaya da ɗebewa ɗaya. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin koyar da yaro a matakinsa da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, kuma ba ya buƙatar komai sai takarda ɗaya da rijistar aji.

Mataki uku sun isa. A ba kowanne launi, amma kada a yi ja ga na baya da kore ga na gaba, don yara sun san ma'anar wutar titi, kwana ɗaya za su gane wa ake nufi. Shuɗi, rawaya da fari ba su da wannan sharrin.

Sai a zaɓi fasaha. "Lissafi" ba fasaha ba ce, "tarawa" ma ta yi faɗi. "Tara lamba mai gida biyu da mai gida ɗaya inda ake ɗaukar goma" ita ce fasaha. Duk katunan kunshi ɗaya a kanta za su tsaya, umarninsu ɗaya, zubinsu ɗaya, lambobin kawai ke canzawa. Wanda ya gane katin farko ya gane sauran.

Kaya da yanka

Takardar A4 santimita 21 ce a 29.7. A naɗe ta biyu, a sake naɗewa, ta ba da kati huɗu, kowanne kusan 10.5 a 14.8. Wannan girman ya fi dacewa da ƙananan hannu, kuma yana shiga ambulan. Kunshi ɗaya na kati 12 takarda uku ke nan. Ajin yara 48 da aka raba rukuni takwas na shida-shida, ɗaya na wajen malama, yana buƙatar kunshi bakwai, wato takarda 21. Ba sai bakwai ɗin sun bambanta ba: a yi kunshi uku, ɗaya ga kowane mataki, a yi fotokwafin sauran gwargwadon yawan yaran matakin.

Takarda kawai ba ta mako a hannun ɗan aji ɗaya, sai an manna ta a kwali. Bayan tsohuwar kalanda, kwalin ganyen shayi, kwalin sabulu, katunan gayyatar biki da suka yi saura, duk suna yi. Kwalin indomi ya cika kauri, kuma ramukan cikinsa gidan kyankyaso ne.

Abin da ke kashe kati a Legas danshi ne. Daga Afrilu zuwa Yuli kwalin da ba a rufe ba yana laushi ya yi fumfuna, rubutun maka (alƙalamin tawada mai kaurin baki) mai ruwa ya zube. A yi rubutu da makar da ba ta gogewa, ko a buga a injin fotokwafi, domin garin tawadarsa ba ya narkewa, saɓanin ƙaramar firinta mai tawadar ruwa. In za a kai laminatin, a yanka katunan tukuna, a jera su cikin ledar da 'yar tazara, bayan an gasa a sake yankawa a bar gefe na kusan milimita uku. Masu shago sukan so su gasa takardar ɗungurungum a yanka daga baya don ya fi musu sauƙi. Kada a yarda. Bakin da almakashi ya bi a buɗe yake, ta nan ruwa ke shiga ya ɗaga ledar. In babu kuɗin laminatin ko babu wuta, faffaɗan salatif mai haske yana yi: layi uku a gaba, uku a baya, kowane layi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, a naɗe bakin. A ƙarshe a zagaye kusurwoyi da almakashi, don kusurwar laminatin tana yanka kamar reza.

Abin da ake rubutawa a kai

A nan yawancin katuna ke lalacewa, ba wajen yanka ba.

Lambar kati ta zauna a kusurwar sama ta hagu, cikin da'ira, ƙarama, nesa da aikin. In ta matso kusa da lissafin, yaro zai tara har da ita: katin lamba 3 mai tambayar 4 + 2 ya dawo da amsa 9. Haruffan aiki su kai tsayin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ga ɗan aji ɗaya. In a kwamfuta aka buga, a duba siffar a da g, su zama irin waɗanda yaro ke rubutawa da hannu, ba masu ƙugiya irin na jarida ba. A ja layi a ƙarƙashin 6 da 9, domin kati yana juyawa a hannu.

Umarni kada ya wuce kalma uku, kuma a haɗa shi da alama. Hoton fensir yana nufin rubuta, ido yana nufin karanta, murfin kwalba yana nufin ƙirga. Wanda bai iya karatu ba tukuna alamar yake bi. A kan katin farko na kowane kunshi a yi misali guda da aka riga aka warware.

Katin zaɓi ya fi kowanne amfani in an zaɓi amsoshin kuskuren da hankali. Ɗauki 28 + 6. A ƙasa a rubuta 34, 24 da 214. Wanda ya ɗauki 24 ya tara 8 da 6 daidai, ya rubuta 4, ya manta goman da ya ɗauka. Wanda ya ɗauki 214 ya samu 14 ya ajiye ta gaba ɗaya kusa da 2, wato bai san gidan goma da gidan ɗaya ba sam, kuma maganinsa daban ne, sai an koma da shi ga ƙullin tsinken tsintsiya goma-goma. Haka 43 − 8, a ba shi 35, 45 da 51. Mai 45 ya ga 8 ba ta fita daga 3, sai ya juya ya cire 3 daga 8. Mai 51 bai kalli alamar ba, tarawa ya yi. Da a ce an cika gurbin da kowace lamba ta zo baki, 12 ko 90, da ba a koyi komai daga kuskuren ba. A kuma riƙa sauya mazaunin amsar daidai, don in kullum a tsakiya take, kati huɗu sun isa yaro ya gano.

Tambayar labari ta fito daga abin da yaro ke gani. Kwandon tumatir 14 aka sauke daga mota a Mile 12, aka sayar da 6, saura nawa? Fasinja 9 a danfo, 4 suka sauka a Oshodi, 3 suka hau. Raguna a kasuwar dabbobi, burodin Agege a faranti. Abin da za a guje wa shi ne farashi. Katin da ya ce biro naira 20 ne, kafin zango ya ƙare 'yar mai shago za ta ɗaga hannu ta ce ba haka ake sayarwa ba, kuma gaskiyarta. In ana son aikin kuɗi, a yi shi a kan takardun kuɗin kansu, naira 50 nawa ke cikin 200, ko a bar gurbin farashi fari a rubuta da makar farin allo a kan laminatin, a goge in kasuwa ta motsa.

Yaron da ke tunani da Hausa

Ɗan Bahaushe a Legas Hausa yake ji a gida, buroka a layi, Turanci a aji, ga Yarbanci da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa a makarantu, ga Larabci da yamma. Katin da aka sauko da shi daga intanet ba don shi aka yi ba, kuma yana iya faɗuwa a kai alhali ya san abin.

Hoto shi ne tarkon farko. An zana kifi, ana son ya zaɓi f saboda sunansa na Turanci. Shi kuwa "kifi" ya ce a ransa, ya nemi k. Maƙwabcinsa Bayarabe ya ce "eja". Hoton kare ma haka, ana neman d, shi ya ji k. Ba harafin ne bai sani ba. Kafin a raba kunshin hotuna a ɗaga su ɗaya-ɗaya, aji ya faɗi sunan kowanne da harshen da ake nufi sau biyu, duk hoton da aka yi gardama a kansa a cire shi. A ajin farko a fifita abubuwan da sunansu ya fara da sauti ɗaya a harsunan biyu, irin su ƙwallon da yara ke kira bal, da mangwaro, da rago.

Akwai sautukan da Hausa ba ta bambanta su ba, su suka cancanci kunshi na musamman. P da f ɗaya ne a kunnen Bahaushe, don haka pan da fan, pin da fin, sai an yi ta maimaitawa. V takan zama b. Baƙi biyu a jere yakan sa musu wasali a tsakani, yadda muka mai da kalmar Turanci ta zama "burodi", sai ya rubuta stop da u bayan s. Wanda kuma aka fara koya wa bokon Hausa ya san c da sautin "ci" da "ciki", zai karanta cat da wannan sautin. Sai dai a lura, kati ba ya magana. Aikin sauti a bakin malama yake farawa, a rukunin da ke gabanta, kati ya biyo baya bayan kunne ya kama.

A lambobi kuma Hausa ce ke da sauƙi. "Goma sha uku" ta faɗi goma sannan uku, daidai yadda ake rubuta 13. Turanci ukun yake fara faɗa, shi ya sa yaro ke rubuta 31. Barin sa ya faɗi lambar da Hausa a ransa kafin ya rubuta yana rage wannan kuskure. Ga wanda hannunsa ya saba da allo daga dama zuwa hagu, a sa ɗigo babba a hagun kowane layi da kibiya tana nuna dama. Bayan 'yan makonni ba zai buƙace ta ba.

Inda amsa ke zuwa

Kada yaro ya rubuta a jikin kati. A ɗauki shafi ɗaya na littafinsa a ja masa gida 12, layi huɗu na gida uku-uku, a sa lamba 1 zuwa 12 a kusurwar kowane gida. Ɗan aji ɗaya ba zai iya ja da kansa ba, a yi masa ko a buga; ɗan aji uku ya ja da rula cikin minti biyu. Kuskuren da kusan kowane yaro ke yi a farko shi ne ya rubuta amsarsa ta farko a gida na ɗaya, ko da katin lamba 7 ne a hannunsa. In ba a kama wannan ba, malama za ta duba ta ga duk ya faɗi, alhali duk ya ci. Shi ya sa ake koya musu jerin motsi: yatsa a kan lambar kati, yatsa a kan gidan da ya yi daidai da ita, sannan fensir.

Rubuta amsa ƙarara a bayan kati gayyatar kwafe ce. Hanya biyu sun fi. Ta farko, a huda rami a ƙarƙashin kowace amsa uku, yaro ya rubuta zaɓinsa a littafi, ya soka fensir a ramin, ya juya katin. Ramin daidai an zagaye shi da maka a baya. Fegin shanya ma yana yin wannan aikin, a maƙala shi a kan amsa a juya a ga ko ya faɗa kan ɗigo. Ta biyu, amsoshi 12 a kati ɗaya cikin ambulan a hannun shugaban rukuni, ba a buɗewa sai an ce a ajiye fensir. Wanda ya faɗi kada ya goge, ya ja layi ɗaya a kan amsar ya rubuta sabuwa a gefe, don kuskuren da aka goge malama ba ta gan shi ba.

Makon farko

Mako na farko tsarin ake koya, ba darasi ba, don haka a yi amfani da abin da kowa ya riga ya iya, kamar ƙirga ɗigo daga ɗaya zuwa biyar.

Ranar farko a zana kati ƙato a allo, da gidajen amsa a gefe. Malama ta yi a gabansu tana faɗin abin da take yi, sannan ta yi kuskure da gangan, ta sa amsar katin 4 a gida na ɗaya, ta juyo: "Yara, na yi daidai?" Za su yi ca: "A'a Malama, gida na huɗu ne!" Wannan gyaran da suka yi mata ya fi zama a kansu fiye da bayani goma. Rana ta biyu, yara biyu kati ɗaya. Ta uku, kowa da katinsa, a koyi miƙawa: in an tafa sau biyu, kowa ya miƙa wa na damansa, na ƙarshen benci ya miƙa wa na bayansa, har ya zagayo. A gwada miƙawar sau biyar ba tare da an rubuta komai ba. Ta huɗu a koyi dubawa da tattarawa, shugaban rukuni ya jera daga 1 zuwa 12, ya ƙirga da ƙarfi, ya ɗaure da roba. Sai rana ta biyar malama za ta janye da rukuninta, shi ma na minti biyar kawai, a riƙa ƙarawa har ya kai 15.

Doka ɗaya ake kafawa tun ranar: in ka maƙale, duba misalin katin farko, sannan tambayi na kusa da kai a hankali, in abin ya ƙi ka sa ɗigo a gidan ka ɗauki wani. Malama kuma ta riƙe dokar. Ranar da ta bar rukuninta ta amsa wa wanda ya taso, gobe biyar za su taso.

Tafiyar da shi kullum

A darasin minti 35, minti goma na koyarwa ga kowa, 15 na kati, biyar na dubawa, sauran na rabawa da tattarawa. Sau uku a mako ya wadatar. A makarantun gwamnati da ke ƙarƙashin LASUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Legas, inda shirin EKOEXCEL na 2019 ya kawo darasi tsararre a na'urar hannu da lokacinsa a ƙayyade, wurin kati shi ne lokacin bita ko hannun waɗanda suka riga gamawa, kuma a sanar da hedimasta tukuna. Makarantun kuɗi na unguwa da Islamiyyun da ke haɗawa da boko sun fi sakewa.

Inda benci ya cika aji babu hanyar wucewa, kati ne zai yi tafiya, ba yara ba. Miƙawa da tafi tana da kyau ga aikin da ke ɗaukar kowa lokaci kusan ɗaya, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In aikin na tunani ne, tafin yana zaluntar mai nawa, katuna su taru a gabansa ya karaya. A nan a zube kunshin a tsakiya, kowa ya ɗauka, ya gama ya mayar. Dalilin yin kati 12 ga yara shida ke nan, kullum akwai na ɗauka. Ba a buƙatar kowa ya gama duka. Ɗan aji ɗaya da ya yi biyar da kyau ya yi aikin ranar. Manna katuna a bango, kusan mita ɗaya daga ƙasa, yara su zagaya da littafi, yana faranta musu, amma sai a baranda ko da rabin aji.

Bayan tashi a duba littattafan rukuni biyu kawai, gobe wasu biyu. A rijista a sa wa kowane yaro adadin da ya ci cikin waɗanda ya yi. Wanda ya ci biyar cikin shida sau biyu a jere ya hau mataki na gaba. Wanda ya kasa rabi ya dawo rukunin malama. A duba ta ɗaya gefen kuma: in fiye da rabin rukuni sun faɗi kati ɗaya, a zargi katin kafin a zargi yara, wataƙila hoton ne bai fito ba ko 1 ta yi kama da 7. In kuwa kunshin gaba ɗaya suka faɗi, an yi gaggawar raba shi, darasin bai nuna ba.

Kunshi ya yi mako biyu a hannu a janye shi, don daga nan sun haddace cewa katin 5 amsarsa 34 ce. Bayan wata guda a dawo da shi a ga abin da ya zauna.

Ajiya

Kowane kunshi da ledarsa mai zif, a rubuta a kai aji, fasaha, launi da adadin katuna. A bayan kowane kati a sa alamar kunshinsa, harafi ɗaya ya isa, don wanda aka tsinta a ƙarƙashin benci ya san gidansa. Ledojin su shiga roba mai murfi, robar ta hau saman kabad, ba ƙasa ba, musamman a makarantar da ruwa ke shiga harabarta da damina. A ajiye asalin takardun da aka yi fotokwafi da su a fayil daban, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Kati zai ɓata, wani a aljihu, wani a tauna shi. In lamba 8 ta ɓata, a yanka sabon kwali a ranar a rubuta da hannu a rufe da salatif, domin kunshin da ya rage 11 yana barin gida ɗaya fayau a littafin kowane yaro, kuma ƙananan za su tsaya nemansa maimakon aiki.